Muryar Ozell Pickens

Ranar Talata, 9 ga Maris 1982, Allah Ya karɓi ran Ozell Pickens a asibitin garinmu Helena, bayan doguwar jinyar maƙogwaro. Ni ne Cleophus, wanda ya buga masa ganga shekara shida, kuma da nauyin zuciya nake rubuta wannan.

Ozell, yaran yanzu sun san ka a matsayin tsohon da ke gyaran taya a bakin titi. Ba su san cewa a 1955 limaman coci uku sun yi wa'azi a kanka ba, wai kiɗanka na lalata 'ya'yan mutane. Ka je ka zauna a sahun gaba kana gyaɗa kai, da aka tashi ka gaisa da kowa.

Faifai uku muka yi a ɗakin ɗaukar murya na Mista Harlan, bayan shagon aski. Makirufo ɗaya ne, mu biyar muna kewaye da shi, ni kuma a can bakin ƙofa don kada gangata ta danne kowa. In mutum ɗaya ya kuskure, sai a koma farko. Ni ne mai yawan kuskuren, amma kafin Harlan ya buɗe baki sai ka ce kai ne ka shigo waƙar da wuri. Ƙarya kake yi, kowa ya sani, kuma ita ta hana a kore ni.

Waƙa ta huɗu ta fi su duka. Sau ɗaya ka rera ta, Harlan da ba ya yabon kowa ya cire hularsa. A lokacin kaset ɗin ɗauka yana da wuyar samu, saboda haka da an kai waƙa kan faifai sai a goge shi a sake amfani da shi. Bayan kwana biyu Harlan ya ce in miƙo masa tsohon kaset zai ɗauki tallar takin zamani. Na miƙa masa naka, ban duba ba. Ba a riga an kai ta kan faifai ba, haka aka goge ta.

Da na faɗa maka, sai ka ce, "Cleo, kai da hannun nan naka. Bar shi, ai mu mun ji ta." Ka ce za mu sake ɗauka. Kafin a sa rana Harlan ya rufe ɗakin, bayan haka ciwon maƙogwaro ya fara. Ba ka taɓa tayar mini da maganar ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Ranar Alhamis matarka Odessa ta kawo mini faifai ɗaya da ya rage a gidan, tana so a sa a wurin jana'iza. Muka ɗora a kan garmaho, ashe allura ta riga ta cinye shi, sai ƙara kamar ana soya kifi. Ta ce, "To waccan ɗin fa, wadda yake yi mini a kicin? Kai ka san ta, rera mini."

Waƙa ta huɗun nan take nufi. Na buɗe baki, babu ko kalma ɗaya da na tuna. Kiɗan kawai na riƙe. Na buga mata shi a kan tebur da yatsu, tana jira ka shigo da muryarka.

Allah Ya jiƙanka, Ozell, Ya yafe maka kamar yadda ka yafe mini. Ya ba Odessa da 'yarka Lurleen haƙurin rashin da ba ni da abin da zan mayar musu.