Dangwalen Tsagaggen Yatsa

Babban yatsana na dama yana da tabo, tsaga ce da ta raba shi biyu tun daga bakin farce har gaɓa. Taubashina, ɗan gwaggona, shi ya yi mini ita. Muna samari a Salaga muna bin iyayenmu fataucin goro, wata rana a bakin ruwan Makango muna jiran jirgin fito, ya ce in riƙe masa igiyar huhu ya yanke. Ya yanke igiyar, ya haɗa da yatsana. Shi ya yage bakin rigarsa ya ɗaure mini, yana kuka fiye da ni mai ciwon. Da wurin ya warke sai ya laƙaba mini Tsagagge, kuma daga ranar bai ƙara kirana da sunan yanka ba. Ni kuma ina ce masa Kan Tulu. Wasan taubasai ne, ko gaban surukai ba ma fasawa.

Tare muka koma garinmu Bawku bayan kowannenmu ya yi aure, muka kama rumfa ɗaya a kasuwa muna sayar da albasa da gero. Da aka dawo da siyasar jam'iyyu, garin ya rabu kamar goro, ɓari biyu kusan daidai. Zongonmu, unguwar Hausawa, ma haka. Mai shayin da kake zama wurinsa ya isa a san ɓangarenka. Ni na fara shiga. Ni ne ɗaukar benci, ni ne liƙa takardu a bango, ni ne hawa keke har Pusiga kai saƙo. Shi kuwa yana rumfa yana yi mini dariya.

"Tsagagge, yau nawa jam'iyya ta auna maka? Siyasa dai ba ta cika buhu."

Zaɓe biyu na yi wa jam'iyya wannan bauta. Sai zaɓen asambili ya zo, wato na wanda zai wakilci unguwa a majalisar gunduma. Doka ta ce wannan zaɓe ba na jam'iyya ba ne: babu tuta, babu alama, hoton mutum kawai za a sa a takarda. Amma duk Zongo an san hoton wane ɓangare ne wannan, na wane ne wancan. Dattawan ɓangarenmu suka sa ranar zama a zauren wani Alhaji don su fitar da mutum ɗaya. Ban gaya wa kowa ba, amma na riga na sayi sabuwar hula, ƙube mai ruwan toka, don ɗaukar hoto.

Suka zaɓi taubashina. Dalilinsu shi ne ya gama makarantar midil, yana iya tashi a majalisa ya yi Turanci. Ni a aji uku na tsaya, sai allo. Alhajin ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ƙafarmu ne, shi bakinmu. Jiki ɗaya ne ai." Na ce haka ne, Alhaji. Na yi murmushi har kumatuna suka yi tsami.

Kwana biyu bayan haka ya shigo gidana ya ga hular a rataye.

"Kai, Tsagagge, wannan ta fi ƙarfin kanka. Ara mini in ɗauki hoto."

"Za ta shiga tulu kuwa?"

"Ko ba ta shiga ba zan danna ta."

Na ba shi da hannuna. Ban ce masa don me na saye ta ba, shi ma bai tambaya ba. Daga nan duk bangon da na duba a Zongo, hulata nake gani a kansa, kuma ni nake shafa kokon da ake liƙa hoton. Mata suna wucewa suna cewa hular ta yi masa kyau. Mutanen da ni na shigo da su jam'iyya suka fara zuwa rumfarmu, su miƙa mini hannu a tsaye, su durƙusa masa. Ban taɓa jin yunwa irin wannan ba, alhali ina ci ina ƙoshi. Ina sallah ina roƙon Allah ya ba shi nasara da baki, zuciyata tana can wani wuri. Wannan ma laifi ne da nake neman gafara a kansa.

Ya naɗa ni ejan ɗinsa, mai sa masa ido a akwatin zaɓe na makarantar firamare, akwatin da ya fi kowanne mutane. Ya ce, "Wa zan ba amanar nan in ba kai ba?" Kuma na yi aikin. Gida gida na bi ina koya wa tsofaffi: a dangwala sau ɗaya, a goge yatsa a gashi ko a zane, sannan a naɗe takardar a tsaye don kada tawada ta tsallaka kan hoton wani ta ɓata ƙuri'a. Abokin takararsa wani mai injin niƙa ne, ɗan ɗaya ɓangaren, wanda na yi shekaru ko gaisawa ba ma yi.

Ranar zaɓe da hantsi layi ya yi sauƙi, na karɓi takardata na shiga bayan kwalin da aka kare. Ban fito gida da niyyar komai ba, ko kuma haka na daɗe ina gaya wa kaina. Na dubi hotuna biyu. Na ga hulata. Sai na tsoma yatsa a tawada na danna a gaban mai injin niƙa, na danna da ƙarfi kamar mai kashe kwarkwata. Na goge yatsa, na naɗe a tsaye yadda nake koya wa mutane, na jefa a akwati. Na ce a raina, daga ni sai Allah.

Ƙarfe biyar aka rufe. A lokacin an riga an daina ɗauke akwati zuwa wani wuri. A nan gaban jama'a ake juye shi a kan tebur. Ofisan zaɓen wani malamin makaranta ne daga Tempane, mutum mai sanyin hali. Yana ɗaga kowace takarda sama kowa ya gani, sannan ya ajiye ta a tarin mai ita. Tari biyu suna tashi kafaɗa da kafaɗa, wannan ya wuce, wancan ya kamo. Ɗaya ejan ɗinmu wani mahauci ne mai murya kamar ganga, yana tsaye dab da tebur yana neman ƙuri'ar abokin hamayya da zai sa a soke.

Can sai ya daka tsawa. "Tsaya, Malam! Wannan dangwale biyu ne. Lalatacciya ce!"

Ejan ɗin mai injin niƙa ya taso. "Biyu a ina? Ko idonka ne ya saba raba nama?"

"Ga fari nan a tsakiya, makaho ma ya gani! Doka ta ce sau ɗaya!"

"To ai duk a gidan mutum ɗaya suke, Sarkin Fawa. Ko uku ne namu ne."

Jama'a suka ɗauki hayaniya. Ofisa ya ɗaga takardar ya juya ta wajen haske, sai na ga abin da ban taɓa tunani ba: tambarin yatsa, shuɗi, da farin layi ya ratsa shi daga sama har ƙasa. Ofisa ya ce ejan na biyu ya matso ya duba. Ni ke nan. Na matso, na ga tsagar yatsana ce.

Ashe taubashina ya iso daga wani akwatin, yana tsaye bayan igiyar da aka tare jama'a da ita. Mahauci ya jawo shi. "Zo ka gani da idonka, za su cuce mu!" Ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya miƙa wa ofisa.

"Malam, ƙirga masa. Yatsa ɗaya ne."

Mahauci ya riƙe baki. "Kai wane irin ɗan takara ne? Ana nema maka, kana bayarwa?"

"Na ce yatsa ɗaya ne. Na san irinsa."

Na tura hannuna cikin aljihu, ban fitar da shi ba har aka gama.

Da aka haɗa akwatunan unguwa, ya faɗi da ƙuri'un da ba su cika yatsun hannu biyu ba. Na riƙe wannan na yi ta lallashin kaina da shi: ko da na ba shi tawa, da bai ci ba. Gaskiya ne, amma ba ta taɓa sa na ji sauƙi ba.

Washegari na same shi a rumfa yana zazzage albasa. Ya ɗago ya ce, "Malam, ina kwana? Ya gajiyar jiya?" Na tsaya ina jiran sauran, babu. Da azahar yaronsa ya kawo mini hulata a wanke, a naɗe cikin takarda. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai ladabi ya shiga tsakaninmu kamar katanga. In na ce masa Kan Tulu, ya yi ɗan murmushi ya ce, "Na'am, Malam." Da damina ta wuce ya ce zai koma Yendi ya gwada sayar da doya, muka raba rumfa lafiya lau.

Sai da na shekara biyu kafin na iya hawa lori na bi shi. Na same shi a bakin tarin doya, ya shimfiɗa mini buhu, ya aika a sayo mini koko da ƙosai. Na fara ba shi labari tun daga sayen hular. Ban kai rabi ba ya kama hannuna na dama, ya juya babban yatsan yana dubawa.

"Wuƙata ce ta yi wannan," ya ce. "Ta yaya zan kasa gane aikina? Na yafe tun a gaban teburin nan. Abin da ya dame ni, me ya sa ba ka ce mini hular taka ce ta hoto ba? Da na bar maka takarar, wallahi. Ni ban taɓa son abin ba."

Na ce na sani. Kuma na sani ɗin, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Ya raka ni tasha da kansa, ya sa aka ɗora mini doya a saman lori. Na zauna ta bakin taga ina jira, kunnena a buɗe. Direba ya tayar da mota. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ka gaida gida. Allah ya kiyaye hanya, Malam."