Rautar Yaya Ishiyaku da Baƙin Inna

Yayana Ishiyaku bai iya zama ba. Tun muna yara a Kibiya, in aka zuba tuwo a tsaye yake ci, ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Ya koyi gyaran babur ya bari, ya gwada noman albasa ya bari. Tuƙi ne kawai ya riƙe shi, shekara goma sha biyu ke nan yana jigilar fasinja tsakanin Kibiya, Rano da Kano.

Ranar Juma'a bayan la'asar kuwa, ko gobara ake yi ba ya fita, yana wasan ƙwallo a waya. Kuma ba don ƙwallon ba ne. Ƙanenmu Badamasi ya tafi Fatakwal shekara huɗu da suka wuce, bayan Yaya ya ci masa mutunci a tasha, gaban jama'a, don ya ƙi zama ya riƙe gonar Baba. Tun ranar ba su sake jin muryar juna ba, don dukansu taurin kan Baba suka gado. Bara sai ga gayyatar wasa daga Badamasi ta faɗo wayar Yaya, babu ko sallama. Ya karɓa. Daga nan kowace Juma'a suke karawa ta intanet, ba mai ce wa wani uffan. Zumuncin da ya rage musu ke nan, ni kuwa hannu bibbiyu na karɓe shi.

Da daminar bana rautar gidanmu, 'yar na'urar da ke raba mana intanet, ta fara tsiya. Ana tsakiyar wasa sai 'yan ƙwallon Yaya su sandare, sabis ya ɗauke, a fitar da shi. Juma'a uku a jere, kuma duk a lokacin da ake cin sa. Sai Badamasi ya turo saƙo, ni ya turo wa: "Yaya Mu'minat, ki gaya masa in gudu zai riƙa yi, sati mai zuwa ne na ƙarshe."

Ai kuwa gida ya hargitse. Yaya ya kashe rautar ya kunna ya fi sau ɗari. Ya ce rufin kwano ne ke tare sabis, ya ɗaure ta a gora ya kafa a tsakar gida, hadari ya taso ya sauko da ita a guje. Ya canza layi. Ya zargi darbejiyar ƙofar gida, baiwar Allah, har ya sare mata reshe. Daga ƙarshe ya sayo sabuwa a Kano, mai ƙaho huɗu, wadda mai shago ya rantse masa don wasa aka ƙera ta. Laraba da Alhamis ta yi gudu har yana yi mata kirari.

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. Ana saukowa daga masallacin Juma'a ya ɗauko Gwadabe mai gyaran waya daga Rano ya duba ta. Gwadabe ya yi 'yan danne-danne, ya ɗago kai.

"Malam Ishiyaku, ku nawa ne a gidan nan?"

"Mu biyar."

"To, waya ashirin da shida ke kan rautarka."

Na sunkuyar da kai. Juma'a ranar gaida Innarmu ce. Surukai, 'yan'uwa daga Saji, maƙwabta, har Fanta mai nono, duk nan suke wuni. Dokar Inna kuma ita ce baƙo a ba shi ruwa, a ba shi lambar shiga intanet. Ni na rubuta lambar a kwali na rataye kusa da randa, ni kuma na sabunta ta da aka kawo sabuwar rauta. Wallahi na ɗauka kamar hasken fitila ne, ko mutum nawa ya zauna ba ya raguwa.

Gwadabe ya ce a canza lambar kawai. Inna na ji ta ajiye carbinta.

"A gidana za a hana baƙo abin da ke yawo a iska? Ishiyaku, ka bari sai na mutu."

Yaya ya dubi Inna, ya dubi matan da suka cika tabarmi kowa da waya a hannu, ya dubi agogo. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kaina. Bai canza lambar ba. Aka fara wasa, Badamasi ya zura masa ɗaya, kafin a je hutun rabin lokaci komai ya sandare, aka fitar da shi.

Ya kai gwauro ya kai mari tsakanin zaure da rijiya. Can sai na ga ya danna kira a wayarsa, ya buɗe muryar wayar don kowa ya shaida.

"Kai Badamasi! Ni ne zan guje maka? Baƙin Inna ne suka shanye sabis! Ga Gwadabe nan ka tambaye shi!"

Ta cikin wayar muna jin ƙarar motoci. Na ce a raina yanzu Badamasi zai kashe wayar.

"Yaya, ina wuni," in ji Badamasi a hankali.

Yaya ya juya mana baya, ya fuskanci bango.

"Lafiya lau," ya ce. "Ya iyalin naka?"