Man Shanun da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Miya

Assalamu alaikum, masu wannan shafi. Na sha karanta labaran mata a nan ina taɓe baki, ina cewa ita ma wance da wauta take. To yau layi ya zo kaina. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba. Waɗanda suka san mu za su gane, sauran kuma labarin ya ishe su.

A ƙarshen shekarun casa'in ina matar aure mai 'ya'ya huɗu a unguwar Goudji, nan N'Djamena. Asalinmu Katsinawa ne. Kakannina sun taso da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a nan, suka yada zango, zangon da har yau ba mu tashi ba. A waje Larabci muke yi kamar kowa, Hausa sai mun shiga gida ko mun haɗu da namu. Ba mu da yawa, kowa ya san kowa, abin da ya faru a gidanki da hantsi kafin azahar ya isa unguwar Kabalaye. Ni kuwa a lokacin ba ni da abin taƙama da ya wuce tukunya. Ban yi lakwal ba, wato boko, ba ni da sana'a, amma in ana suna ko biki ni ake aiko wa in zo in haɗa miya. Ga baki, ga son a yabe ni, wannan ba zan ɓoye ba. Innarmu ta raine mu a kan cewa jikin miji shi ne shaidar matarsa. In ya cika riga an san yana da mata a gida, in ya rame kuwa ba shi za a tambaya ba, ke za a tambaya.

Maigidana mutumin Damagaram ne, yana fataucin atamfa da turare tsakanin Nijar da Maiduguri da nan. Mutum ne mai sanyin hali, in ina faɗa sai ya yi ta murmushi har in gaji. Na same shi siriri kamar kara, na sa shi gaba da girki har sai da aka sake masa ɗinki gaba ɗaya. Da safe shayi da madarar gwangwani, sukari ba awo, ga fanke. Da rana shinkafa tana iyo cikin mai. Da dare tuwo miyar kuɓewa, man shanu na kwance a kai. Ban da gasasshen naman da suke ci a shago, da shayin da ba a sauke butarsa daga kan gawayi. In abokansa suka tsokane shi da tumbi, ni daɗi nake ji, kamar lambar yabo aka maƙala mini.

Sai ya fara ciwon kai, da jiri, da kumburin ƙafa. Ran nan jiri ya kayar da shi a shago, maƙwabtansa na kasuwa suka kai shi asibiti. Likita ya ce jininsa ya hau, tansiyo kamar yadda muke cewa a nan, sukari ma ya soma leƙowa. Ya ba shi magani, amma ya ce maganin ba zai yi aiki shi kaɗai ba, sai ya sauke ƙiba. Ya sa aka kira ni, ya zaunar da ni ya yi mini bayani da Larabci dalla-dalla. Bai ce a hana shi abinci ba. Cewa ya yi a rage gishiri da dunƙulen miya, a rage mai, sukari a yi sallama da shi, a yawaita ganye da wake da kifi, tuwo a rage malmala, kuma ya riƙa tafiya da ƙafa. Na amsa da to, amma a raina ina cewa wannan ai girkin marasa hannu ne.

Duk da haka na yi, don na tsorata da faɗuwar nan. Na koma kwaɗon zogale, da gasasshen kifin kogin Shari, da kunun gero ba sukari, da zoɓo mai tsaminsa. Shi kuma ya ɗauki abin da gaske fiye da yadda na zata. Ya jingine babur ɗinsa, kullum da sanyin safiya ya taka zuwa kasuwa. Kafin shekara ta zagayo mutum ya sauya. Minshari ya tafi, ciwon kai ya tafi. Da can in ya zauna tahiya sai ya dafa bango zai miƙe, yanzu har autarmu yake ɗorawa a wuya ya zaga da ita tsakar gida. Ya taɓa ce mini ji yake kamar an sauke masa buhun gero daga baya. Wallahi na ga farin cikinsa da idona, ba wani ya ba ni labari ba.

To amma ku tuna wane zamani ne. Lokacin ne ake raɗa sunan sida, wato ƙanjamau, ƙasa-ƙasa, ba a ma son a kira ta, sai a ce ciwon nan. Mutane ba su san komai a kanta ba sai abu biyu: tana ramar da mutum, kuma matafiya ne ke kwaso ta. Ga maigidana matafiyi, ga shi riguna sun yi masa yawa. Ni ban ankara ba sai da aka yi wani suna a unguwar Moursal ba a aiko mini in zo girki ba. Na ce wataƙila mantuwa ce, na shirya na tafi. Ku da kuka san mu kun san mata a faranti ɗaya muke ci, a zagaye shi kowa ta sa hannu. Ranar sai aka zubo mini nawa daban a kwano, aka shimfiɗa mini tabarma gefe, wai girmamawa ce. Na sha ruwa na ajiye kofi, ina kallo uwar mai jego ta ɗauke shi da bakin zane ta kai bayan ɗaki. A hanyar dawowa aminiyata ta gaya mini gaskiya, ta ce magana ta daɗe tana yawo, an ce maigidana ya kwaso, ni ma jira ake a ga tawa ramar.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga yayarsa daga Kabalaye. Ko lafayarta ba ta warware ba ta fara. Ta ce in ƙanenta ciwo yake a gaya mata, in kuma na daina ba shi abinci ne shi ma a gaya mata, in zaɓi ɗaya. Na ce Yaya, likita ne ya sa. Ta ce likita ne ya aure shi ko ni?

Na same shi da maganar ina kuka. Ya yi dariyarsa, ya ce baki ne, zai gaji ya yi shiru. Da ya ga ba wasa nake ba sai ya ce to mu je tare a auna jininmu, kowa ya huta. Na ƙi. Na ce wanda aka gani a ƙofar ɗakin awon nan ai ya riga ya amsa laifi, kuma ko an ce lafiyarmu lau, gida-gida za mu bi muna shela? Ban taɓa zarginsa ba, Allah shi ne shaida. Na fi kowa sanin dalilin ramarsa, tunda ni nake dafa ta. Abin da na kasa ɗauka shi ne kwanon nan da aka ware mini.

Nan shaiɗan ya ba ni shawara, ni kuma na karɓa hannu biyu. Na ce tunda rama ce ta jawo magana, ƙiba za ta kashe ta. Na fara a ɓoye. Sai in narka man shanu in zuba a gindin kwano, in kwarara miya a kai ta rufe. In daka kitse tare da daddawa yadda ba za a ga alamarsa ba. Zoɓo in sa sukari, in cika citta da kanumfari, in ce na bana ne ba shi da tsami. Gishiri ina ƙarawa kaɗan-kaɗan, malmalar tuwo tana girma. Ya kan ɗan tsaya da loma a baki ya dube ni, in kawar da kai in shiga yi wa yara faɗa, sai ya ci gaba da ci. Daga baya na juya kan tafiyar ƙafa. Na ce ana cewa karayar arziki ce ta sa ya jingine babur, ga zafin garin nan, mutum da girmansa yana tafe yana zufa kamar ɗan dako. Na yi ta mita safe da yamma har ya koma hawa. Da na ga ba ya musu sai na daina ɓoyewa ma, fanke da madara suka dawo kan tabarma.

Jiki kuwa ya dawo, har ya fi na da. Aka koma aiko mini girki, aka matsa mini wuri a faranti. Wata ma ta kama hannuna ta ce alhamdu lillahi maigidana ya warware, na ce alhamdu lillahi, ina jin daɗi. Kai, ni dai Allah ya yafe mini. Ciwon kai ya dawo, minshari ya dawo. Ranar komawa asibiti ta zo ya ce kunya yake ji ya hau sikeli gaban likita, a bari sai ya ɗan sauke. Maganin da aka ba shi ya ƙare ba a sabunta ba. In kai ya matsa masa sai in sayo masa ƙwaya a teburin bakin titi. Ina gani, ina sane, amma kullum sai in ce gobe.

Wata la'asar, a farkon shekarun dubu biyu, yana alwala a tsakar gida na ji buta ta faɗi. Na leƙo na gan shi ya karkace, bakinsa ya koma gefe, yana so ya kira ni harshe ya ƙi. Maƙwabta suka taimaka aka sa shi a tasi. A asibiti likitan nan dai muka tarar. Ya gane mu. Bayan an kwantar da shi ya ja ni gefe, ba da faɗa ba, ya tambaye ni me ya faru, mutumin da ya bi doka har yana ba wasu misali da shi. Kun san me na ce? Na ce shi ne ya ƙi, na yi iya yina. Mutum na kwance ba baki, na ɗora masa. Wannan ƙarya ta fi man shanun ci mini rai.

Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Fatauci ya ƙare, babban ɗanmu ya bar karatu ya zauna shago. Kwanciya ta ramar da shi, ramar gaske wannan karon, sai ga maganar da na yi wa hidima ta dawo sabuwa fil. Waɗanda suka taya ni murna su ne suka koma cewa dama sun faɗa, ciwon nan haka yake, ya kwanta ya tashi. Gudun gara na faɗa gidan zago.

Da harshensa ya ɗan saki, wata safiya ina ba shi kunu a cokali, na kasa riƙe maganar a cikina. Na ajiye kwanon na gaya masa komai, da man shanun, da kitsen, da sukarin zoɓo, har ƙaryar da na yi wa likita. Ina jira ya juya mini baya. Ya daɗe yana haɗa kalmomi, don maganar da ƙyar take fita. Ya ce tun lomar farko ya sani, mutumin Damagaram ba a ɓoye masa ƙanshin man shanu. Na ce to Malam, me ya hana ka magana? Ya ce ya ga fuskata ranar da na dawo daga sunan nan, ya ga na daina fita, na daina dariya. Sai ya ce a ransa bari ya ɗan mayar da jiki a bar matarsa ta sake, daga baya ya koma kan dokarsa. Ya ce ya yafe, kada in ƙara tada maganar. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Ya yi shekaru a haka, ina dafa masa irin abincin da likita ya faɗa tun farko, ba ƙari ba ragi, a lokacin da ba zai mayar masa da hannu ko ƙafa ba. Allah ya karɓi abinsa kafin autarmu ta yi wayon sanin wane irin uba ta samu. Na san kwana ba ya wuce ranarsa, kuma malamai sun gaya mini haka don in samu natsuwa. Amma na kuma san abin da hannuna ya zuba a kwano.

'Yan'uwana mata, da ku uwaye da yayye masu auna zaman aure da faɗin wuyan miji, ku ji daga bakin wadda ta gwada. Ƙiba ba lafiya ba ce, rama kuma ba kullum take ciwo ba. In naku ya tashi gyara cinsa, ya rage sukari da mai, ya kama tafiya da ƙafa, ku taya shi, ko da miyar ba za ta jawo muku yabo ba. In kun ga maƙwabci ya faɗa, ku yi masa fatan alheri ku kama bakinku, ba ku san abin da raɗarku za ta sa matarsa ta aikata ba. Wanda ma yake da ciwon da gaske, ware masa kwano ba magani ba ne, zalunci ne. Ni na ciyar da mijina don in rufe bakin matan unguwa. Duk tsawon jinyarsa, babu ko ɗaya a cikinsu da ta taɓa zuwa ta kama mini kafaɗarsa mu juya shi a kan shimfiɗa.