Kantar Hauya

Har yau in na tuna abin da na yi wa ƙanwata a kan ordinata, wato kwamfuta, sai raina ya ɓaci.

Tsohuwa ce, irin wadda ake naɗewa a sa a jaka. Na saye ta a Tasawa don in koyi buga takardu, ko Allah ya sa in samu aiki a wani biro, wato ofis. Da damina ta faɗi na ajiye ta na koma gona a Korgom. Ƙanwata, wadda ke karatu a Maraɗi, ta zo hutu ta roƙi aro. Na ba ta ina ƙunƙuni.

Bayan mun gama maimai, wata rana da hantsi na karɓa na kunna. Haske ya kawo lafiya lau, amma ɗan faifan nan da ake shafawa da yatsa ya ƙi ji. Na shafa, na goga, 'yar kibiyar da ke kan allon tana tsaye a tsakiya kamar an kafe ta. Na kashe na sake kunnawa. Na cire batir, na hure shi, na mayar. Shiru.

"Ke! Me kika yi mata?"

"Ban yi mata komai ba, Yaya. Jiya ma na yi aiki da ita. Kawo in gani."

"Ki gani ko ki ƙarasa ta?"

Inna ta ce in yi a hankali, ban saurara ba. A gabanta, a gaban matan maƙwabta da suka zo daka, na kira yarinyar nan maƙaryaciya, na ce bokon bai koya mata komai ba sai ɓarna da raina mutane. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta haɗa kayanta, ta ce wa Inna za ta ƙarasa hutun a wurin goggonmu a Kanan-Bakashe. Ta tari ɗan kabu-kabu ta hau. Na ce ta gai da su.

Washegari na sake kunnawa, ta sake ƙi. Don haushi na ƙwanƙwashi faifan da bayan yatsa. Kibiya ta yi tsalle! Na ja gaɓar yatsana a kai, ta bi ni. Na sa kan yatsa, ta tsaya. Sai na duba hannuna. Hauya ta yi masa kanta mai kauri, busasshiya kamar ƙirgi. Na'urar ba ta ma san mutum ne ke taɓa ta ba.

Na zagi waɗanda suka ƙera ta, masu hannun auduga da ba su taɓa riƙe ƙota ba. Inna na jina. Ta ce, "In ka gama da su, ka san wadda ta rage."

Na hau moto, wato babur, na je gidan goggo. Na tarar da ƙanwata tana ɓarar gyaɗa da goggo. Na buɗe mata tafin hannuna, na yi bayani ina in'ina.

Ta ce, "Cewa na yi kawo in gani, Yaya. Shafa ɗaya ta isa."

Na roƙi gafara, na ce ta ɗauko jakarta mu koma gida.

"Na yafe maka. Amma matan da suka ji ka, ka tara su ka gaya musu?"

Ban tara su ba, girman kai ya hana ni. Daga can ta wuce Maraɗi, Inna ba ta sake ganinta ba sai da babbar Sallah.