Kilo Bakwai na Dalma a Ƙugun Sarki Aderbal

Shekara goma sha huɗu Aderbal yana Sarkin Karnabal a garinmu, wato bikin kiɗa da rawa da muke yi kafin azuminmu na Kirista, shekara goma sha huɗu ni ina zuwa na biyu. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce na ɓoye abin da ke raina. Hassadarsa nake yi, kuma ba yau na fara ba.

Layi ɗaya aka haife mu, wanda ke fuskantar kogin São Francisco. Uwarsa dambun masara take sayarwa da safe, shi kuma tun yana rarrafe yake cinye mata riba. Yana shekara goma sha tara ya gaji ubansa a tuƙin jirgin fito, mai kai mutane da babura da awaki tsallaken kogi. 'Yan gari suka riƙa cewa idan ya zauna a dama, dole fasinjoji su koma hagu. Shi ne ma yake fara faɗa, ya bushe da dariyar nan tasa da ake jiyowa daga tsallake. Ni kuwa, Clemildo, na buɗe shagon kayan kamun kifi a bakin kasuwa, na yi tawa ƙibar a kan kujera, babu wanda ya taɓa yi mata waƙa.

Ya auri Zuleide mai ɗinki, 'yar siririyar mace wadda za ka wuni da ita ba ta yi magana goma ba. Ni na riƙe 'yarsu a coci ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna kumpadre, ita kuma nake ce mata kumadre. Tawa matar ta tafi São Paulo duba 'yarmu da ta haihu, yau jikan ya shiga aji uku, ita ba ta dawo ba.

Dokar sarautar ba ta da wuya. Saura mako biyu Karnabal, ranar Asabar da hantsi, ake ɗora masu nema a kan sikelin kasuwar kifi. Wanda bai kai kilo ɗari da ashirin ba, ya koma gida ya ƙara cin abinci. Waɗanda suka kai, a buga musu ganga su yi rawa, wanda ya fi samun tafi a ɗora masa kambi, magajin gari ya miƙa masa ƙaton makullin katako. Kwana huɗu gari nasa ne. Kuma a garinmu, duk gidan da ya kira sarki ya ajiye masa faranti, dole ya sauko daga motar da ake zagaya gari da shi ya cinye. Barin ko loma ɗaya cin fuska ne ga matar gidan, ana iya shekara ba a manta ba.

Ni kowace shekara ina wuce sikeli, ɗari da ashirin da shida, da bakwai. Amma da Aderbal ya hau, kilo ɗari da hamsin da takwas, ya girgiza tumbin nan sau biyu, magana ta ƙare. Har mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, shi take tafa wa.

“Kada ka damu, kumpadre,” haka yake ce mini, yana dukan kafaɗata. “Ai kowane sarki yana buƙatar mai riƙe masa alkyabba.”

Sai in yi dariyar yaƙe.

A shekara ta goma sha huɗu, bayan Karnabal da wata biyu, ƙusa ta soke shi a ɗan yatsan ƙafa a cikin jirgi. Ciwon ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara wari. Aka kai shi babban asibiti, ya dawo da yatsun ƙafa tara da takarda mai tsawo. Ciwon suga ne, da hawan jini. Likita ta gaya masa a gaban matarsa cewa ko ya zubar da kilo arba'in, ko nan gaba ƙafar za su cire daga gwiwa.

Na je dubiya da ayaba. Na yi masa addu'a, kuma da gaske na yi. Amma a hanyar komawa gida na tsaya na ci faranti biyu na busasshen nama da rogo, ina lissafin watannin da suka rage.

Zuleide ta ɗauke ƙaton kwanonsa ta zuba ƙasa ta shuka albasa a ciki. Ta koma zuba masa abinci a ɗan farantin da ake ɗora kofin gahawa: kabewa, kuɓewa, gasasshen kifi, wake cokali uku. Ba mazarƙwaila, ba giyar rake, ba man shanu a dambu. Kullum da sassafe ta tasa shi gaba su bi bakin kogi. Ranar farko iyakarsa ƙofar shagona, taku bai fi ɗari biyu ba. Ya zube a bencina yana haki, gumi har cikin takalmi.

“Kumpadre, matar nan kashe ni za ta yi kafin sugan ya iso,” ya ce.

Zuleide ta tsallaka titi sayo masa ruwa. Na jawo aljihun tebur, na ɓantaro mazarƙwaila, na cusa masa a hannu.

“Jefa a baki, ɗan wannan ba zai yi maka komai ba.”

Na gaya wa kaina tausayi ne. Ya jefa, ya lumshe ido. Da na ɗaga kai sai na ga Zuleide tsaye a tsakiyar titi da gorar ruwa, tana kallona. Washegari suka canza hanya.

Wata uku yana zagin kabewa, sannan abin ya fara kama jikinsa. Ya kai tankin ruwa, ya kai tsohuwar cocin kan tudu, daga baya har yana barin Zuleide a baya. Ya cika gwangwanayen fenti biyu da siminti ya soka musu ƙarfe, yana ɗagawa a cikin jirgi idan yana jiran fasinja. Duk bayan mako biyu sai ta rage masa wando. Wuyansa ya fito, wanda ni tun muna makaranta ban ƙara gani ba.

Na zaci idan ya rame zan huta. Ina! Matan kasuwar kifi suka koma cewa, “Kun ga Aderbal kuwa? Kamar sabon ango!” Yana da ƙiba ana tafa masa, ya rame ana tafa masa. Ni kuma ina ta ɗura, na kai ɗari da talatin da huɗu, abin da kawai aka ce mini shi ne in canza benci kafin ya karye.

Da aka shiga watan Janairu ya tsaya a ɗari da goma sha uku. Na ce to, bana kam babu shi. Sai na ji a gari wai ya ce zai nema. Wani ya tambaye shi a jirgi ko da me zai hau sikeli, ya amsa cewa idan ba shi ne sarki ba, to shi wane ne, mai fiton awaki kawai? Aka ce ranar bai yi dariya ba.

Saura kwana shida awo, da la'asar, Zuleide ta shigo shagona. Rabonta da shi tun ranar mazarƙwaila.

“Kumpadre, dalmar taru nake so. Kilo bakwai.”

“Kilo bakwai, kumadre? Yaushe Aderbal ya fara jefa taru?”

“Mai faɗin za ka ba ni,” ta ce, tana jan kowace kalma. “Wadda za ta kwanta luf idan an ɗinke ta a cikin ƙyalle.”

Na auna mata. Ɗari da goma sha uku a tara da bakwai, ko ɗan aji biyu ya san amsa. Da ta fita na zauna ina mamakin wautarta. Yayanta na da shago irin nawa a bayan coci, da can ta je da babu wanda zai ji. Na ce a raina, ashe masu shirun nan ba duka ne ke da wayo ba.

Kwana shida ina kokawa da kaina. In ce kumpadrena ne, mutum ya rasa yatsa, bar masa. In kuma ce, shekara goma sha huɗu, yanzu har da dalmar shagona za a kayar da ni?

Ranar Asabar kasuwa ta cika, ƙarnin kifi da turaren mata sun gauraye. Na hau, aka ce ɗari da talatin da biyar, aka tafa mini irin tafin da ake yi wa jawabin magajin gari. Sai ga Aderbal cikin tsohuwar alkyabbarsa, ta yi masa yawa kamar labule, ya ɗaure ƙugu da jar ɗamara mai faɗi. Ya hau a hankali. Mai awo ya matsa ido kusa, ya ɗaga murya: “Ɗari da ashirin da ɗigo uku!”

Wuri ya kaure da ihu. Masu ganga suka saki kiɗa tun ba a ce su fara ba. Ni dai ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

“A kwance masa ɗamara!”

Ganga ta tsaya. Na maimaita. Mai awo ya dubi Aderbal, yana jin nauyinsa. Aderbal ya kwance da kansa, ya saki, ta faɗi a kan siminti tim, ɗinkin ya fashe, dalma ta watse har ƙarƙashin teburan kifi. Allurar sikeli ta koma ɗari da goma sha uku. Wata mata ta tuntsire da dariya, ta yi sauri ta toshe baki.

Ya juyo ya dube ni. “Kai, kumpadre?”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya cire alkyabbar ya ninke ya ajiye a kan sikeli, ya ratsa mutane ya fita. Zuleide ta durƙusa ta tsince dalmarta ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗora mini kambi, ya yi mini yawa, sai da aka cusa jarida a ciki.

Na yi sarautata. Na hau motar da na yi shekara goma sha huɗu ina bi a ƙasa, na ɗaga makulli, na sauka gida gida ina cin farantai. Kwana biyun farko Aderbal bai leƙo ba. A na uku na hango shi daga saman mota, a bayan masu ganga, cikin farar riga, yana rawa da ƙafarsa mai yatsu huɗu. Duk shekarunsa na sarauta a zaune yake rawa a kan mota, sai bana ya taka ƙasa. Kafin a kai kwanar kasuwa rabin jama'a sun juya mini baya sun kewaye shi, suna kiran “Sarki! Sarki!” Ni ga kambi a kaina, ƙafafuna sun kumbura sun cika takalmi, ina kallon ƙeyoyinsu.

Ranar ƙarshe da rana tsaka muka shiga layinsu, sai na ga Zuleide a ƙofar gida tana ɗaga wa mota hannu. Aka sauko da ni. Ta ajiye tebur a baranda, da tumbin akuya cike da kayan ciki, da shinkafa, da garin rogo soyayye da man shanu. Aderbal yana can gaba da masu ganga.

Na zauna, na kasa ɗaga ido. “Kumadre, abin da ya faru ranar nan...”

“Yayana yana da dalma, kumpadre,” ta ce. “Na wuce shagonsa na zo naka.”

Na dube ta.

“Aderbal ya rantse mini sai ya ci abinci ya mayar da kilo bakwai ɗin nan. Na ce ya bari, zan ɗinka masa ɗamara. To in ya ci sarauta fa? Gida nawa ka ci zuwa yau?”

“Talatin da ɗaya.”

“Da ƙafa ɗaya zai shiga azumin bana. Ni in na hana shi, ba zai taɓa yafe mini ba. Sai na tuna mutumin da ya ba shi mazarƙwaila.” Ta gyara mini cokali. “Na san ba za ka iya yin shiru ba. Kwana shida ina addu'a kada Allah ya shirye ka kafin Asabar.”

“Yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa, kumadre.”

“Na sani. Ka bar shi a haka. Gara ya ƙi ka da ya ƙi ni, ni ce mai dafa masa kabewa.”

Duk shekarun nan na yi hassadar tumbinsa, na yi ta dariyarsa, na yi ta kambinsa, da ya rame na yi ta wuyansa. Amma ban san zafin abin ba sai a barandar nan. Mutumin nan yana da wadda za ta yarda a kunyata shi a tsakiyar kasuwa, ta durƙusa a gaban gari tana tsintar dalma, don kawai ƙafarsa ta zauna a jikinsa.

Mutane sun taru a bakin ƙofa suna jiran su ga ko sarki zai cinye. Ƙirjina yana zafi tun safe, zoben hannuna ya nutse cikin nama. Zuleide ta tura farantin gabana.

“Ci, ranka ya daɗe.”

Na ɗauki cokali. Ina ci ina waige, ko wani zai ce ya isa haka, Clemildo. Babu wanda ya ce. Na cinye tas, aka tafa, aka kama ni aka mayar saman mota, saura gida tara.