Tambayar da Ban Yi Ba

Yau shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Bulus, mai gyaran kwamfuta a Sabon Tasha, kuma har yanzu ba na iya bin layin shagonsa.

An san shi da tayar da kwamfutar da ta mutu. Sai ya zuba wa filashi babbar manhajar da kwamfuta ke tashi da ita, ya soka shi a jikin na'urar, ya girka komai daga farko. Amma zuba manhajar nan yana share duk abin da ke cikin filashin. Shi ya sa ba ya danna maɓalli sai ya tambayi mai filashin sau uku: "Ka duba ciki? Ka tabbata? Oga, sake dubawa mana." Na sha yi masa tsiya cewa ko fasto a wajen ɗaurin aure bai kai shi nanata tambaya ba. Da zai ga masu gyaran yanzu, da ke dannawa kafin su karanta, da ya riƙe baki. Ni kuwa ba ni da bakin zaginsu.

Bara kwamfutata ta ƙi tashi ana gobe zan miƙa aikin ofis. Na garzaya Gonin Gora wurin matarsa Rifkatu, na zari filashi ɗaya daga gwangwanin kayansa, na yi yadda na sha ganin yana yi. Allon ya gargaɗe ni cewa komai zai goge. Na danna ban ko ƙarasa karantawa ba. Kwamfuta ta tashi, har ina jin kaina gwani.

Bayan wata biyu Rifkatu ta kira ni. "Ishaku, filashin nan da ka ɗauka, a ciki yayanka ya adana waƙar da ya yi wa 'yarmu Ladi ranar suna. Ba mu da muryarsa a ko'ina sai nan. Dama jira nake ta yi wayo in kunna mata."

Na ce zan kawo. Babu mai gyaran da ban kai wa ba a Kakuri, amma ko daƙiƙa ɗaya ta waƙar ba ta dawo ba. Na tsani kaina, kuma na kasa faɗa mata.

Me ya rage na Bulus? Shagon ya zama na mai sayar da takalma. Ladi, 'yarsa tilo, tana goye ya rasu. Ranar Lahadi bayan coci ta riƙo hannuna ta ce, "Ankul, Mama ta ce muryar babana tana wurinka. Yaushe zan ji?"

Filashin yana aljihuna a lokacin. Na ce mata sati mai zuwa.