Ba Gajiya

A shekarata ta uku a Dubai ina koyar da Turanci a wata 'yar makaranta da ke saman shagon sayar da labule, a unguwar da 'yan China suka fi yawa. Da safe 'yan kasuwa nake koyarwa kafin su buɗe shaguna, da yamma kuma 'ya'yansu. Daga Abu Hail nake tasowa, daga ɗakin da muke kwana mu shida, ga munshari ga waya, in hau jirgin ƙasa in sauka in hau bas. Kafin in isa aji rabina ya riga ya ƙare.

Mai makarantar wata 'yar China ce mai tafiya kamar ana binta. Kalma ɗaya ta riƙe mini, ita ce kuzari. In yi tsalle, in yi tafi, in washe baki. Ni da na yi shekaru ina koyarwa a Funtuwa da alli da ido kawai, sai ga ni da furfurata ina rawar kwaɗo a gaban yara. Da bizata ta kusa ƙarewa sai ta kira ni ofis, ta ce ɗalibai na cewa fuskata kamar ta mai jin barci, kuma akwai wani Bature da ke neman gurbin. Za ta zauna a ajina ta gani da idonta, sannan ta yanke. Idan bizar ta tafi, makarantar 'yata a gida ta tafi.

A ajin safe akwai wani dattijo ɗan China mai sayar da kayan gyaran mota a Ras Al Khor. Baba nake kiransa, shi kuma yana jin daɗin sunan. Tunda nake ban taɓa ganin kan da Turanci ya ƙi zama a cikinsa irin nasa ba. Abin da ya kama duka duka shi ne “I am fine, thank you,” ko lafiya ka tambaye shi ko lokaci. Amma alhazan Kano ne manyan masu sayen kayansa, kuma a bakinsu ya tsinci gaisuwar Hausa ba tare da wahala ba, har da karin sautin, ya fi wasu Turawan da suka shekara a ƙasarmu.

Wata safiya ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, “Malam, ina gajiya?”

Sai da na waiwaya, don na zaci wani ɗan gida ne ya shigo. Na ce, “Ba gajiya, Baba.”

Ya zaro waya, muka yi ta fama da manhajar fassara. Yana son sanin ma'anar. Na gaya masa. Ya tambaya, to idan mutum ya gaji fa, me zai ce? Na ce ba gajiya. Idan yana shirin faɗuwa? Na ce ba gajiya dai. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe mu ma muna da namu “I am fine.” Daga ranar kullum sai ya gaishe ni haka, ni kuma in ba shi amsar da aka koya mini tun ina goye.

Ranar da mai makarantar ta zo, ta zauna can baya ta harɗe hannu. Na sha shayi mai kauri, na shigo da murmushin aro. Kafin in fara sai Baba ya miƙe, yana son uwar ɗakina ta ga abin da ya iya.

“Malam, ina gajiya?”

Na buɗe baki, kalmomin nan biyu suka ƙi fitowa. Na dube shi, tsoho sa'an mahaifina, shi ma nesa da gida, idanunsa jajir. Sai na ji bakina ya ce, “Akwai ta, Baba. Wallahi akwai ta.”

Ya ɗaga yatsa, ya girgiza kai, ya haɗa jimlar Turanci ta farko da ya taɓa haɗawa da kansa: “Wrong answer, teacher.” Ya juya ya yi wa 'yan ajin bayani da yarensu, aji ya kece da dariya, har da tafi. Ni kuwa na juya ga allo, don kada su ga idona.

Bayan darasi mai makarantar ta ce irin kuzarin da take nema ke nan, aji na dariya, tsoho na magana. Ta ce in kawo fasfo gobe, a sabunta mini biza shekara biyu.

A cikin bas na kira matata in yi mata albishir. Ta ɗauka, muka gaisa, ta ce, “Malam, ina gajiya?”

Na jingina kaina da gilashi na ce, “Ba gajiya.”